Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Faɗakarwa Kan Lafiya: A Sassauta Da Maganar "Ƙara Ƙarfin Garkuwar Jiki"

Zuwa ga likitoci, ma'aikatan jinya, masu harhaɗa magunguna, da 'yan jarida masu gabatar da shirye-shiryen kiwon lafiya a rediyo, talabijin da intanet.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da kuma jinjina kan ɗawainiyar da kuke yi da jama'a, na rubuto muku ne da ƙorafi guda ɗaya. Akwai wata magana da ta kama bakinku har ta zama amsar kusan kowace tambaya, wato "a ƙara ƙarfin garkuwar jiki". Mai yawan mura ya bugo waya, ita ake ba shi. Uwa ta tambaya kan borin jinin ɗanta, ita ce dai. Wanda ke tsoron ciwon daji don shi ya yi ajalin mahaifiyarsa, shi ma ita zai ji. Na san ba da mugun nufi kuke faɗa ba, lokacin shiri gajere ne kuma maganar tana da daɗin ji. Sai dai masu sayar da kwalabe da ƙwayoyin ƙarin kuzari sun tsince ta daga bakinku sun manna a jikin hajarsu. In mai saye ya ji likita ya faɗi abin da ya gani a rubuce jikin kwalba, ai ya samu hujja, ba wanda zai iya raba shi da ita kuma.

Illar maganar ita ce tana nuna wa mutum cewa garkuwar jiki aba ce da ake aunawa da yawa ko ƙaranci, kuma duk yadda ta ƙaru alheri ne. Ku kuwa kun fi ni sanin cewa mai asma zaƙewa garkuwarsa ta yi. Yaron da ya kamu da ciwon suga nau'i na ɗaya, garkuwarsa ce da kanta ta hallaka ƙwayoyin da ke samar masa da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Abin da ya fi damuna, wanda kuma ba na jin ana faɗa, shi ne cewa kaso mai tsoka na ciwon daji yana tasowa ne daga wurin da garkuwar jiki ta fara aiki ta ƙi tsayawa.

Ku ɗauki mutumin da ƙaya ta soka a yatsa. Kafin wani lokaci wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, yana zogi. Waɗannan alamu huɗu, tun ƙarni na farko wani marubucin Rum mai suna Celsus ya jera su, kuma har gobe su ake koya wa ɗaliban likitanci. A ƙarƙashin fata, ƙananan hanyoyin jini ne suka buɗe, ruwa ya tsattsafo, fararen ƙwayoyin jini suka yi dafifi zuwa wurin. Na farkon isowa, waɗanda ake kira nutrofil, suna fesa sinadarai masu ƙuna don kashe ƙwayoyin cutar da ƙayar ta shigo da su. Mugunyar da mutum ke matsewa bayan kwana biyu, yawancinta gawarwakinsu ne. Daga baya sai wasu manya, makrofej, su zo su share wurin, su umarci ƙwayoyin halittar da ke kewaye su hayayyafa su cike gurbi, a kuma shimfiɗa sabbin hanyoyin jini. Da rauni ya rufe sai komai ya lafa. Wannan shi ne kumburi mai amfani, kuma wanda jikinsa bai iya yin sa ba, ƙaramin yanka ma yana iya kai shi ƙasa.

To idan abin da ya tayar da kumburin ya ƙi tafiya fa, shekara goma, shekara talatin? Sinadaran nan masu ƙuna ba sa bambance baƙo da ɗan gida, suna taɓa DNA ɗin ƙwayoyin halittar da ke wurin, wato kundin umarnin da kowace ƙwaya ke aiki da shi, su yi masa lahani. Umarnin a hayayyafa ba ya yankewa, kuma duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, duk kwafi kuwa ƙofa ce ta kuskure. Ga sabbin hanyoyin jini ana ta shimfiɗawa. Lalatacciyar ƙwaya, da umarnin ta ci gaba da haihuwa, da jinin da zai ciyar da ita: me kuma ƙari yake nema? A 1863 likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya ga fararen ƙwayoyin jini cunkushe cikin ƙarin da yake dubawa, ya ce ciwon daji daga wurin daɗaɗɗen kumburi yake tasowa. An yi shekaru da yawa ba a ba maganarsa muhimmanci ba. A 1986 Harold Dvorak na jami'ar Harvard ya dawo da ita, inda ya siffanta ƙari da raunin da ba ya warkewa. Likitocin fiɗa kuwa sun daɗe da sanin cewa gyambon da ya shekara da shekaru bai rufe ba, ko tsohon tabon ƙuna da ke yawan fashewa, yana iya rikiɗewa ya zama ciwon dajin fata.

Gyambon ƙafa aƙalla ana ganinsa. Wanda ya fi haɗari shi ne kumburin da ke ci a ciki ba tare da zogi ba. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon a Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2018 mutum miliyan 2.2 ne suka kamu da ciwon dajin da asalinsa ƙwayar cuta ce, wato kimanin kashi 13 cikin 100 na duk sabbin kamuwa a duniya. Ƙwayoyi huɗu ne suka kwashe mafi yawan adadin: Helicobacter pylori da ke zama a ciki, HPV mai haddasa sankarar bakin mahaifa, da ƙwayoyin ciwon hanta nau'in B da nau'in C.

A kan ciwon hanta nau'in B nake so ku ɗan tsaya, domin shi ne ya fi kowanne tona asirin waccan magana. Ita ƙwayar, in ta shiga ƙwayoyin hanta, ba ta cika kashe su da kanta ba. Garkuwar jiki ce ke bin duk ƙwayar hantar da ta kamu tana hallakawa, hanta kuma tana sake tofo wasu, su ma su kamu, a sake hallaka su. A haka ake tafiya shekara ashirin, talatin, mutum yana harkokinsa bai san dawan garin ba, har hanta ta cika da tabo ta ƙanƙance, wani lokaci kuma ciwon daji ya ɓullo. Wannan mutum idan aka ce masa ya je ya ƙara ƙarfin garkuwa, me aka ba shi? Abin da yake buƙata shi ne gwajin jini, sannan in ya cancanta a ɗora shi kan magani irin tenofovir da ke danne ƙwayar, domin in ƙwayar ta yi ƙasa yaƙin da ake yi a hanta ya lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, tara cikin goma za ta zauna masa har girma, alhali baligin da ya kamu, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zaunawa. Shi ya sa ake son allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan allura a 1984, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 an ga ciwon dajin hanta a yara ya ragu ƙwarai. Ga labari mai daɗi, ga hujja a hannu, amma sau nawa kuke ba shi minti biyar a shiri?

Haka Helicobacter. Da can ana ɗora gyambon ciki kan damuwa da yawan tunani, har wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa ƙwayar cuta ce. Marshall har ya kurɓi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar don a yarda da shi. A 1994 aka sanya ta a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, a 2005 kuma aka ba su biyun kyautar Nobel. Maganinta na mako ɗaya zuwa biyu ne. Tsargiya ma haka: ƙwayayen tsutsar na maƙalewa a bangon mafitsara, garkuwa ta yi ta kewaye su shekara da shekaru, a ƙarshe wasu su gamu da ciwon dajin mafitsara, alhali praziquantel na kashe tsutsar. Ƙurar asbestos da ke maƙalewa a huhu, hayaƙin taba, daɗaɗɗen kumburin babban hanji, da ƙiba mai yawa wadda aka alaƙanta da nau'i 13 na ciwon daji, duk akwai hannun kumburi a cikinsu.

Za ku ce, ai garkuwar jiki na kare mutum daga ciwon daji. Gaskiya ne, kuma ba zan rage komai daga ciki ba. Paul Ehrlich ya yi hasashen haka tun 1909, kuma an ga zahiri a jikin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko hanta. Dole a ba su magungunan danne garkuwa don kada jiki ya ƙi sabuwar gaɓar, kuma haɗarin ciwon daji a wurinsu ya kai ninki biyu na sauran mutane, na fata ma ya zarce haka nesa. Macen da ke ɗauke da HIV ta fi wadda ba ta da shi haɗarin sankarar bakin mahaifa har ninki shida. Amma ku lura da abin da ke gyara lamarin a kowane wuri. Mai HIV, maganin da ke danne ƙwayar ne ke dawo masa da garkuwarsa. Ita kuma HPV, wadda Harald zur Hausen ya gano alaƙarta da sankarar bakin mahaifa, yawancin mata jikinsu na kawar da ita cikin shekara biyu, kaɗan ne take zauna wa. Allurar riga-kafinta, da aka fara amfani da ita a 2006, tana nuna wa garkuwa siffar ƙwayar ne tun kafin su haɗu, musamman nau'i na 16 da na 18 da ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo. Koyarwa ce takamaimai a kan abokin gaba sananne. Ba wata kwalba da ke yin wannan aiki.

An ma gwada kwalaben, kuma ba gwajin wasa ba. A Finlan an bai wa maza masu shan taba sama da 29,000 ƙwayoyin ƙarin sinadarai, ana sa ran za su kare su. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna waɗanda suka sha beta-karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu da kashi 18 cikin 100. Wani gwaji irinsa a Amurka sai da aka tsayar da shi a 1996 saboda wannan dalilin. Daga baya an gwada bitamin E a kan maza kusan 35,000, a 2011 aka ba da rahoton cewa ciwon dajin prostat, wato gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya ƙaru da kashi 17 cikin 100 a wurin masu shan. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yanzu kuma na ga sabon yayi ya shigo, an koma tallar abubuwan "kashe kumburi". A nan ma sai an yi hattara. Asfirin ya rage ciwon dajin hanji a wurin masu wata larura ta gado da ake kira Lynch, an tabbatar da haka a gwaji. Amma da aka bai wa tsofaffi masu lafiya shi kullum a wani babban gwaji da aka bayyana a 2018, bai ƙara musu kwana ba, zubar jini ce ta ƙaru. Akwai kuma canakinumab, allurar da ke toshe ɗaya daga cikin saƙonnin kumburi. An ba masu ciwon zuciya kimanin 10,000, a 2017 aka lura ciwon dajin huhu ya yi ƙasa a cikinsu, duniya ta ɗauka. Sai dai waɗanda cututtuka masu yaɗuwa suka kashe sun ƙaru, kuma da aka gwada ta kai tsaye a kan masu ciwon dajin huhu ba ta yi abin da aka zata ba.

Batun alaji kuwa, wato borin da jiki ke yi wa abin da ba shi da illa ga sauran mutane, a nan ne na fi jin maganganu barkatai. Wani ya ce wa uwa borin jinin ɗanta alamar raunin garkuwa ce, wani ya ce mai alaji ba ya kamuwa da ciwon daji, wani ya ce shi ya fi kowa haɗari. Abin da ke faruwa a jiki sananne ne. Akwai wani nau'in makamin garkuwa da ake kira IgE, wanda aka gano tsakanin 1966 da 1967, a Amurka ta hannun ma'aurata 'yan Japan Kimishige da Teruko Ishizaka, a Suwidin kuma ta hannun Johansson da Bennich. Asalin aikinsa, bisa fahimtar yawancin masana, yaƙi ne da tsutsotsi da dafi. Yana zaune ne a bayan wasu ƙwayoyi da ke cike da histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da kumburi, a fata, hanci, huhu da hanji. A jikin mai alaji, IgE ya ɗauki ƙura ko garin fure ko gashin kyanwa a matsayin abokin gaba. Wanda ya taɓa ganin gwajin fata ya ga abin da idonsa: a ɗiga ruwan abin da ake zargi a hannu, a ɗan tsaga fatar da tsinin allura, cikin minti goma sha biyar wurin ya taso ya yi fari-fari, kewayensa ja, mutum na neman sosawa. Wace garkuwa ce mai rauni za ta amsa da wannan sauri?

Game da ciwon daji, abin da bincike ya fi maimaitawa shi ne cewa masu alaji ba sa kamuwa da wani ƙarin ƙwaƙwalwa da ake kira glioma kamar sauran mutane, ragin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka haɗa bincike da dama. An ga wani abu makamancin haka a ciwon dajin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Wasu masana na ganin garkuwar da ke cikin shiri kullum ce ke saurin cafke lalatattun ƙwayoyi. Amma akwai wata fassarar da ba za a yi watsi da ita ba: shi ƙarin da kansa yana danne garkuwa, kuma magungunan da ake bai wa masu shi suna rage alamun alaji, don haka mai yiwuwa a wani ɓangaren ciwon ne ya kore alajin. A gefe guda kuma, wasu bincike sun nuna masu asma sun ɗan fi haɗarin ciwon dajin huhu, wato a gaɓar da kumburin ya daɗe. A ganina abin da ya dace a faɗa wa uwar nan shi ne, alajin ɗanta ba abin firgita ba ne ta fuskar ciwon daji, ba kuma laya ba ne. A kula da alajin don kansa. Mai asma kada ya ajiye abin shaƙarsa don wani ya tsoratar da shi cewa yana karya garkuwa, domin ɗan abin da ke ciki huhu yake nufa, kuma shi ke hana kumburin zama. Wanda ya kamata ku ja wa kunne shi ne mai sayen magungunan kashe kumburi masu ƙarfi irin dexamethasone ko prednisolone da kansa yana sha wata da watanni don ƙaiƙayi. Wannan kam yana danne garkuwa da gaske, kuma in yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B yana iya tayar masa da shi.

Akwai kuma haɗarin laƙaba wa kowane ƙaiƙayi sunan alaji. Ƙaiƙayin da ya ƙi tafiya ba tare da ƙuraje ba, ga gumin dare, ga rama, ga kaluluwa a wuya ko hammata wadda ba ta zafi, wani lokaci haka ciwon dajin Hodgkin ke sallama. Dattijon da ya daɗe yana shan taba, sai da girma ya zo tari da shessheƙa suka fara masa, hoton ƙirji ya kamata a fara yi kafin a ce asma ce.

Na bar maganin ciwon daji ta hanyar garkuwa zuwa nan da gangan, don shi masu talla suka fi fakewa da shi. A 1891 wani likitan fiɗa a New York, William Coley, ya fara yi wa masu ciwon daji allurar ƙwayoyin cuta don ya tayar musu da zazzaɓi. Wasu ƙarin nasu ya narke, wasu cutar da aka sa musu ce ta kashe su. Tun 1976 ake zuba BCG, wato riga-kafin tarin fuka, cikin mafitsara don hana ciwon dajinta dawowa, kuma har yau ana yi. Babban sauyi ya zo ne daga James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, waɗanda suka raba kyautar Nobel a 2018. Sun nuna cewa ƙwayoyin garkuwa da ake kira T suna da birki a jikinsu, CTLA-4 da PD-1, wanda aka halitta don kada su afka wa jiki, kuma ƙari yakan koyi taka musu wannan birki ya tsira. Magungunan da suka biyo baya, tun daga ipilimumab a 2011, cire ƙafar ƙarin suke yi daga kan birkin. A ciwon dajin fata mai suna melanoma wanda ya bazu, inda a da yawancin marasa lafiya ba sa cika shekara, haɗa magani biyu ya sa kusan rabinsu suna raye bayan shekara biyar. Nasara ce babba. Amma a wannan gwajin dai, fiye da rabin waɗanda aka haɗa wa maganin sun gamu da illa mai tsanani, domin garkuwar da aka sakar wa birki tana afka wa hanji, hanta, huhu, fata, da gaɓar tayirod da ke wuya. Mai gudawa sau goma a rana, mai numfashi da ƙyar, wani ma ciwon suga ya kama shi dare ɗaya. Da me likita ke ceto su? Da magungunan danne garkuwa. Kuma a yawancin nau'o'in ciwon daji, marasa rinjaye ne ke amfana da wannan magani. Idan ƙarin ƙarfi na gaske, a ƙarƙashin idon ƙwararru, yana da wannan farashi a jiki, to ku auna da'awar mai kwalba da ke cewa tasa na ƙara ƙarfi ba tare da wata illa ba. Ko dai ba ta yin komai, ko kuma bai faɗi gaskiya ba.

Roƙona gare ku mai sauƙi ne, ba ya kuma buƙatar ƙarin lokaci a shiri. Idan mai tambaya ya ce me zai sha don kada ciwon daji ya kama shi, ku mayar masa da tambaya. An taɓa gwada maka ciwon hanta? Jaririnka ya samu allurarsa a ranar haihuwa? 'Yarka mai shekara 9 zuwa 14 an yi mata ta HPV, matarka kuma an taɓa duba bakin mahaifarta? Gyambon cikin nan da kake ta shan maganin kwantarwa shekara da shekaru, an binciki Helicobacter? Ka taɓa fitsarin jini tun kana yaro, an ba ka magani? Kana shan taba? Masu harhaɗa magunguna kuma, don Allah, in mutum ya dawo karo na uku neman dexamethasone ba takardar likita, ku tura shi asibiti. 'Yan jarida, idan kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirinku kayan "ƙara garkuwa" yake sayarwa, ku raba tallarsa da bakin likitan da kuka gayyato, kada mai sauraro ya kasa gane inda shawara ta tsaya talla ta fara. Idan kuma baƙonku ya furta waccan magana, ku tambaye shi a gaban jama'a: wane ɓangare na garkuwar, a kan wace cuta, kuma a wane gwaji aka gani?

Allah ya ƙara muku basira, ya saka muku da alheri kan hidimar da kuke yi.

Wassalam.

Naku,
Mai bibiyar shirye-shiryenku.